Waldar sanda, MIG, TIG ko waya mai hoda: wacce za ka dogara da ita idan ƙarfen zai ɗauki nauyi?

Duk wanda ya fara tunanin sayen injin walda, ko yake da aikin ƙarfe da zai ba wani, sai ya zo nan ya tsaya cak. Wannan ya ce masa sanda ce walda ta gaskiya, wancan ya ce MIG ta fi sauri, wani kuma ya nuna masa hoton TIG tana sheƙi ya ce ai babu kamarta. To ɗan'uwa, ni abin da ya dame ni shi ne yawancin wannan gardamar a kan kyawun fuska ake yin ta, alhali ƙarfin walda a ciki yake inda ido ba ya kaiwa. Idan fitila za ka rataya babu damuwa sosai, amma idan matakala ce ko rufin rumfa ko tirela ko wani abu da mutane za su tsaya a ƙarƙashinsa, to maganar ta zama ta rai.

Bari mu fara da ma'aunin da za mu auna su da shi.

Na farko kuma mafi girma shi ne narkewa. Walda mai ƙarfi ita ce wadda ta narkar da ɓangarorin biyu har gindin haɗin suka zama abu ɗaya. Idan narkakken ƙarfen ya kwanta a sama ne kawai bai ci jikin ƙarfen ba, to liƙi aka yi, kuma zai iya yin kyau a ido har ranar da zai ɓalle. Sauran cututtukan walda su ne ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da iska ke bari a ciki, da ɓawon da ke maƙalewa tsakanin layi da layi, da zaizayar gefe inda wuta ta cinye bakin ƙarfe ba a cike ba, sai tsagewa wadda ita ce uwar su duka, yawancin ƙa'idojin aiki ba sa yarda da tsagewa komai ƙanƙantarta. Na biyu kuɗi, ba na injin kaɗai ba, har da abin da zai riƙa ci kullum. Na uku sauƙin koyo, na huɗu wurin aiki (waje ne ko ɗaki, ƙarfen mai tsatsa ne ko mai tsafta, siriri ne ko mai kauri), na biyar haɗari ga mai waldar da kuma haɗarin a yi aiki marar kyau ba a gane ba.

Kada ka ɗauka ƙaramar walda ba ta da muhimmanci. Ranar 27 ga Maris 1980 wani dandalin kwanan ma'aikatan mai da ake kira Alexander Kielland ya kife a tekun Nowe, mutum 123 suka rasu. Da aka bincika sai aka gano tsagewar ta faro ne daga wata 'yar walda ta milimita 6 da aka liƙa mazaunin wata na'urar sauraren sauti a jikin ɗaya daga cikin ƙarafan da ke riƙe da ƙafar dandalin. Har fenti aka samu a cikin tsagar, ma'ana tun wajen ƙira take nan, igiyar ruwa ta yi ta jijjiga ta shekara da shekaru har ta ƙarasa. Wannan labarin ba ya fita daga raina duk lokacin da na ji wani ya ce ai ɗan ɗigo ne kawai.

Waldar sanda

Ita ce tsohuwa, tun 1907 Oscar Kjellberg ɗan ƙasar Suwidin ya yi rajistar sanda mai rufi, kuma har yau ba ta tsufa ba. Rufin da ke jikin sandar shi ke ƙonewa ya ba da hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfe daga iska, sannan ya bar ɓawo a sama da za ka ɗauke da guduma. Injinta shi ne mafi arha a cikin huɗun, babu tukunyar gas, babu abin tura waya, kusan babu abin da zai lalace. Ka ɗauke shi ka hau sama da shi, iska na kaɗawa kana aikinka, ƙarfe da ɗan tsatsa ma tana haƙuri da shi fiye da sauran.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne ɗaukar duk sanda sanda ce. Lambar da ke jiki magana take yi. E6013, wannan 60 ɗin na nufin ƙarfin ja na fam 60,000 (fam na awon nauyi) a kan kowane murabba'in inci, 1 ɗin na nufin ana iya walda da ita a kwance da tsaye da sama da kai, lambar ƙarshe kuma irin rufin ce da irin wutar da take so. E6013 tana da daɗin kamawa, layinta sumul, shi ya sa kowa ke sonta, amma ba ta shiga ciki sosai kuma ɓawonta yana da saurin tsere wa narkakken ƙarfe ya shige ƙarƙashi, musamman a kusurwa. Ta dace da siririn ƙarfe da ƙananan ayyuka. E6010 da E6011 su kuma haƙa suke yi, suna ratsa tsatsa da fenti, fuskarsu ba kyau amma gindin haɗi na samun wuta, da su ake yawan sa layin farko a bututu. Bambancinsu E6010 wutar DC take so, wato mai tafiya hanya ɗaya, E6011 tana yi da AC ma, wato mai kai da komo irin wutar gida.

Sai E7018, wadda ita ce sandar gini idan ana maganar ƙarfe mai ɗaukar nauyi. Ƙarfinta fam 70,000, kuma babban amfaninta ƙarancin haidurojin. Haidurojin ɗin nan daga danshi yake shiga walda, ya zauna shiru, sai bayan ta huce da awoyi ko kwana ɗaya biyu ya tsaga ta, musamman a ƙarfe mai kauri. Matsalar ita ce rufin E7018 yana shan danshin iska, shi ya sa da an buɗe gwangwaninta ake ajiye ta a tanda mai zafin digiri 120 na Salsiyas, ƙa'idar waldar ƙarafan gini ta Amurka mai suna AWS D1.1 ma awa 4 ta yarda ta zauna a fili. Wanda ya sayi E7018 ya bar ta a buɗe wata guda a ɗaki mai laima, gaskiya ya biya kuɗin abin da ba shi yake amfani da shi ba.

Koyonta akwai wuya a farko. Sanda za ta yi ta manne maka, tana ƙonewa tana gajarcewa kai kuma dole hannunka ya riƙa bin ta ƙasa yana tafiya gaba a lokaci guda, sannan sai ka koyi bambance ruwan ƙarfe da ruwan ɓawo ta cikin baƙin gilashi, wanda shi ne asalin sana'ar. Amma tana da wata kyakkyawar ɗabi'a da nake so, idan ba ka iya ba aikin zai fito da muni kowa ya gani. Ba ta cika rufa wa marar iyawa asiri ba. Rauninta jinkiri, canza sanda da kankare ɓawo, ga asarar guntayen da ake zubarwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ka saya ba ya zama walda. A ƙarfen da bai kai milimita 2 ba kuma huda shi za ka yi ta yi.

MIG

Nan waya ce a naɗe injin ke turowa da kansa, gas na fita ta bakin bindigar, wato abin da ake riƙewa a hannu ana waldar, yana kare waldar. An fito da ita a 1948 a Amurka, asali don alminiyam, daga baya da aka gano ana iya amfani da gas ɗin CO2 mai arha sai ta mamaye aikin ƙarfe. A yau ko dai CO2 zalla, wanda ke shiga ciki amma yana watsa tartsatsi, ko gaurayen gas ɗin agon kashi 75 da CO2 kashi 25 wanda ya fi tsafta. Sauri kam babu magana, ba ɓawo, ba tsayawa canza sanda, fiye da kashi 90 na wayar na zama walda, kuma a siririn ƙarfe kamar jikin mota ita ce sarauniya. Mutum zai iya jan layi mai kyan gani a yini ɗaya.

To wannan sauƙin shi ne tarkon, kuma a nan nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau. Ƙananan injinan MIG suna aiki ne da salon da wayar ke taɓa ƙarfe tana narkewa ɗigo ɗigo da ƙarancin zafi. A siririn ƙarfe wannan alheri ne. Amma ka kai shi kan ƙarfe mai kaurin milimita 8 ko 10, ƙarfen zai shanye zafin, wayar ta narke ta kwanta lumui a sama kamar an zuba kakin kyandir, jikin ƙarfen kuwa bai narke ba. Na taɓa ganin wani maƙalli da aka yi wa irin wannan, layin gwanin sha'awa, guduma biyu aka buga ya ɓare gaba ɗaya, ƙarƙashinsa fes har alamar girinda tana nan ba ta goge ba. Tun ranar na daina yarda da kyawun MIG sai na ga an karya. Ba don wasa ba ne AWS D1.1 ta ƙi saka wannan salon cikin waɗanda aka amince da su kai tsaye, ta ce sai an gwada tsarin aikin tukuna. Babban injin da ke da ƙarfin fesa ƙarfen da zafi sosai shi kam yana narkarwa yadda ya kamata, manyan masana'antu da shi suke aiki, sai dai kuɗinsa da wutar da yake ja daban ne.

Sauran matsalolinta, ba ta son iska ko kaɗan, iskar da ta wuce gudun kilomita 8 a awa tana kwashe gas ɗin sai ramuka, ko fanka aka kunna kusa ta isa. Ba ta son tsatsa da mai da fenti. Kuɗin injin ya fi na sanda, ga tukunyar gas da cikonta da bakin bindiga da ke cinyewa da bututun da waya ke bi wanda ke toshewa.

Waya mai hoda a ciki

Wannan kamar an ɗauki sanda an juya cikinta waje ne, wayar bututu ce hodar na ciki, injin na turo ta kamar MIG. Iri biyu ce, mai buƙatar gas da mai kare kanta ba gas. Mai kare kanta tana jure iska, tana da zafi, tana zuba ƙarfe da yawa cikin ɗan lokaci, shi ya sa masu kafa manyan gine-ginen ƙarfe ke sonta. Hayaƙinta ya fi na kowa, tana watsa tartsatsi, akwai ɓawo, wayar kuma ta fi ta MIG tsada.

Abin lura a nan irin wayar. Girgizar ƙasar Northridge da ta afka wa yankin Los Anjalas ranar 17 ga Janairu 1994 ta tona wannan, an samu tsagewa a haɗin ginshiƙai da ƙarafan kwance a gine-gine da dama da ake ganin ba abin da zai same su. Yawancinsu da waya E70T-4 aka yi su, mai sauri ce amma ba ta da juriyar bugu, ƙarfinta irin na gilashi, ga kuma kurakuran gindin haɗi da tsarin haɗin kansa da suka taimaka. Bayan nan ne aka tsaurara, ake neman wayar da aka gwada juriyarta irin E71T-8. Kai kuma mai ƙaramin inji ka duba naɗin da ke hannunka, idan E71T-GS ce to ta layi ɗaya ce a siririn ƙarfe, kada ka yi ta jibga ta layi kan layi a ƙarfe mai kauri kana zaton ka ƙara ƙarfi.

TIG

Russell Meredith ne ya kammala ta a 1941 a kamfanin jiragen sama na Northrop don waldar magnisiyam. Tsinken tongistin da ba ya narkewa shi ke ba da wuta, agon zalla na karewa, kai kuma kana ɗiga ƙarfen ciko da ɗaya hannun, sau da yawa ƙafa na kan feda tana sarrafa zafi. Babu wadda ta kai ta tsafta da iko, kana ganin narkewar ƙuru-ƙuru ba hayaƙi sosai babu ɓawo. Ga ƙarfen da ba ya tsatsa da siraran bututu ita ce. Alminiyam kuma sai injin yana da AC, saboda shi alminiyam a digiri 660 yake narkewa amma fatar da ke samansa sai ta haura 2,000, AC ɗin ce ke fasa wannan fatar.

Sai dai ita ce mafi tsada, mafi jinkiri, mafi wuyar koyo, kuma ɗan maiƙon yatsa ko tsatsa na ɓata ta. Kuma ka cire a ranka cewa TIG ta fi sauran ƙarfi don ta fi kyau. A ƙarfen gini na yau da kullum waldar E7018 da aka yi daidai da TIG da aka yi daidai duk ajin fam 70,000 ne, jikin ƙarfen zai miƙe kafin su saki. Wanda zai yi rumfa da TIG lokacinsa da gas ɗinsa kawai zai ƙarar.

| | Sanda | MIG | Waya mai hoda | TIG |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | mafi arha | matsakaici zuwa sama | matsakaici | mafi tsada |
| Abin da take ci | sanda | waya, gas, baki | waya mai tsada | agon, tsinke, ciko, lokaci |
| Sauri | a hankali | sosai | sosai | mafi jinkiri |
| Koyo | wuya a farko | mafi sauƙi | matsakaici | mafi wuya |
| Waje da iska | tana yi | ba ta yi | marar gas tana yi | ba ta yi |
| Siririn ƙarfe | da ƙyar | ƙwarai | da ƙyar | ƙwarai |
| Ƙarfe mai kauri | ƙwarai | sai babban inji | ƙwarai | ɓata lokaci |
| Kuskuren da ke ɓuya | ɓawo a ciki, danshi | rashin narkewa | waya marar dacewa | datti, rashin ciko |
| Juriyar injin | yana daɗewa | sassa da yawa | sassa da yawa | yana son lallaɓa |

Akwai abubuwan da teburin ba zai nuna ba domin sun shafi duka huɗun. Shiri kafin kunna wuta shi ne rabin aikin, a goge har ƙarfe ya yi fari, idan kaurin ya kai milimita 6 kuma baki da baki za a haɗa a fiƙe bakin a karkace a bar 'yar tazara don wuta ta isa ƙasa. Ƙarfe mai kauri sosai ko mai yawan kabon a ɗumama shi tukuna. A waldar kusurwa kuma abin da ke ɗaukar nauyi shi ne kaurin tsakiyarta, wanda kusan kashi 70 cikin 100 ne na faɗin ƙafarta (gefen waldar da ya kwanta a jikin ƙarfen), wato mai ƙafa milimita 6 tsakiyarta 4.2 ce kawai, idan kuma aka zo aka gurje ta da girinda don ta yi kyau an sake rage ta. Tara walda tuli guda shi ma ba ƙarfi ba ne, lanƙwasa ƙarfe yake yi. Wajen sayen inji ka duba lambar juriyarsa, idan an rubuta kashi 60 a amfiya kaza (amfiya ma'aunin yawan wuta ne) to minti 6 cikin 10 zai yi a wannan wutar sannan ya huta, sanda mai milimita 3.2 kuwa tana son wajen amfiya 90 zuwa 130.

Lafiyarka ma ka sa ta a lissafi don Allah. A 2017 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa hayaƙin walda a rukuni na 1, wato tabbas yana jawo ciwon daji. Ƙarfe mai rufin tutiya hayaƙinsa na sa zazzaɓi, ƙarfen da ba ya tsatsa na fitar da kuromiyam mai guba, waya mai hoda da sanda su suka fi hayaƙi. TIG ba hayaƙi sosai amma haskenta na ƙona fata, agon kuma ba shi da wari, a cikin tanki ko rami yana korar iskar numfashi mutum ya faɗi ba tare da ya ji komai ba. Gilashin hular walda ya zama mai duhu lamba 10 zuwa 13, ba tabarau ba. Kada a yi waldar sanda da jiƙaƙƙen safar hannu ko a tsaye cikin ruwa, kuma kada a taɓa kusantar durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai da wuta don kawai an ga babu komai a ciki.

Yanzu wa ya kamata ya ɗauki wacce. Idan kai sabo ne kuɗinka kaɗan kuma kana so ka zama mai walda na gaske, fara da sanda, ƙaramin injin DC, ka koyi hannu da E6013 sannan ka koma E7018 da wuri, duk wanda ya iya karanta narkakken ƙarfe a sanda sauran ba za su ba shi wahala ba. Idan aikinka cikin shago ne, ƙofofi da kujeru da jikin mota da bututu mai kaurin milimita 1 zuwa 5, kuma yawa kake fitarwa, MIG za ta mayar maka da kuɗinta, amma ka san iyakar injinka kada ka tsallake ta. Mai aikin waje, gyaran kayan gona ko kafa ginshiƙai, sanda ko waya mai hoda marar gas, idan aikin da yawa wayar, idan jefi-jefi ne sanda. Mai alminiyam da ƙarfe marar tsatsa da aikin da za a kalla kusa, TIG, ya kuma shirya watanni yana ɓata guntaye kafin ya karɓi aikin mutane.

Idan kuma kai ba walda za ka yi ba, aiki za ka bayar, to tambayar ba ta injin ba ce sosai, ta mutumin ce. A manyan ayyuka ana gwada mai walda bisa ƙa'ida irin ISO 9606 ko AWS D1.1, a yanki aikinsa a lanƙwasa a gani ko zai buɗe, kuma wanda ya ci gwajin kwance ba shi ke nan ya ci na tsaye ko na sama da kai ba, ɗaya daga cikin mafiya wuya shi ne 6G inda ake kafa bututu a karkace digiri 45 ba a juya shi. Kai ma za ka iya yin ƙaramin irinsa. Ka ba shi guntaye biyu masu kauri ɗaya da na aikinka, ya haɗa su kamar harafin T ya yi walda gefe ɗaya kawai, a irin tsayuwar da zai yi aikin, sannan a buga ƙarfen da ke tsaye da guduma ta gefen da ba walda, ya kwanto kan waldar har ta karye. Ka duba karayar, idan ka ga bakin ƙarfen a miƙe yadda aka yanke shi to wuta ba ta kai gindi ba, idan akwai baƙin ɓawo ko ramuka su ma za ka gan su. Ka tambaye shi wace sanda zai sa kuma a ina yake ajiye ta. Abin da kuwa zai ɗauki mutane ko ya rataya a samansu, bene ne ko gada ko abin ɗaga kaya ko sandar jan tirela, injiniya ya fitar da girman kowace walda a takarda, kuma kafin a shafa fenti a kira mai duba tsagewa da ruwan rini ko hodar maganaɗisu, manyan haɗe-haɗen kuma a haska cikinsu da na'urar sauti ko hoto.